Falon Manya Ya Cika

A 1939 kamfanin American Airlines ya buɗe falon alfarma a filin jirgin LaGuardia da ke Niyok, kuma sai wanda aka gayyata ke shiga. Yanzu kuwa katin banki ya mayar da kowa babban mutum. Da katin American Express ko na Priority Pass, sai mutum ya nufi ƙofa yana taƙama, ya tarar da wasu manyan sun riga shi yin layi, ana hararar juna.

In Allah ya sa ka shiga, neman kujera ya zama aiki. Wani ya miƙe a kan guda biyu yana minshari, wani ya kasa ya tsare a gindin soket da wayoyi uku. Tiren kaza kuma, kafin ka ƙarasa bisimilla sai romo.

Abin ya ishi kamfanin jiragen sama na Delta, a 2022 ya ce ba shiga falonsa sai saura awa uku jirgi ya tashi. Layi bai ji ba.

Can waje, talaka ya sayi shayinsa ya baje, kujeru huɗu nasa ne. Malam, in ka hango layin manya, wuce abinka.