Sannunku da Ƙoƙari, Masu Fim ɗin Dodo

Na tuba, na bi Allah na bi ku, ya ku masu shirya fina-finan ban tsoro na Amurka. Shekara da shekaru ina ɓata wa 'yan majalisarmu kallo da "to ta yaya?", har suka fara ɓoye mini in an samo sabon fim. Ashe ni ne ban waye ba. Abin da nake kira ɓaraka a labari, ashe taga ce kuka bar mana mu sha iska.

Ga Michael Myers na fim ɗin Halloween, wanda John Carpenter ya fitar a 1978. Yana ɗan shekara 6 ya kashe yayarsa, aka kulle shi a asibitin masu taɓin hankali shekara 15, bai ce wa kowa uffan ba. Daren da ya tsere, sai ya faɗa mota, ya kama sitiyari, ya tuƙa ta mil 150 har garinsu Haddonfield, ko akuya bai buge ba. Masha Allah! Ni wata uku na yi ina koyon mota a filin ƙwallo, amma har yau in zan yi ribas sai yaran layi sun fito suna "taho, taho, tsaya!" Da aka tayar da maganar a cikin fim ɗin, likitansa Loomis cewa ya yi wataƙila wani ne a asibitin ya koya masa. Shi ke nan, an kashe bakin tsanya. Ina ma a buɗe mana reshen asibitin nan, ga magani ga lasisi.

Sai Jason, ɗan albarka. A Friday the 13th na 1980, uwarsa ta bi matasa tana karkashewa saboda ɗanta ya nutse a tafkin Crystal tun 1957. A kashi na biyu, 1981, sai ga Jason ƙato, buhu a kansa, yana zaune a wata bukka cikin dajin bakin tafkin. Wato fiye da shekara 20 uwa na kukan ɗa, ɗa yana bayan gari, bai taɓa leƙowa ya ce "Inna, ina kwana" ba. Kunya ke nan, irin ta ɗan fari. Sai da aka fille mata kai sannan ya tuna da zumunci. Daga baya har sararin samaniya kuka kai shi, shekarar 2455. Allah ya ƙara basira.

Baƙin halittun fim ɗin Signs na 2002 kuwa, jarumtarsu ta isa a yi musu kirari. Ruwa ke ƙona su, amma duk faɗin samaniya suka zaɓi duniyar da kusan kashi 71 cikin 100 nata ruwa ne, suka sauko tsirara, ko laima babu.

Inda kuka fi burge ni shi ne in kun tashi ɗinke ɓarakar. A ci gaban Halloween na 1981 kuka ce Laurie, yarinyar da Michael ke farauta, ƙanwarsa ce. A 1995 kuka ce ai wata ƙungiyar asiri ce ta ɗora masa tsinuwa. A 2018 kuka dawo kuka ce a manta da duk wannan, ba ƙanwarsa ba ce, jita-jita ce. Masu hassada su ce gyaran gangar Auzinawa. Ni dai na ga adalci: kowane mai kallo an ba shi tarihin da zai iya ɗauka.

Jiya muna kallon wani fim, yarinyar ciki ta ji motsi a ɗakin ƙasa. Ga ƙofar fita a buɗe, ga mota a waje, sai ta ɗauki tocila mai mataccen batir ta sauka tana sallama. Na buɗe baki, abokina ya harare ni ya ce, "Malam, wannan shi ne sirrin fim." Na ce, "Wallahi yabo zan yi." Ya miƙo mini gyaɗa.