Hon Ya Sake Mutuwa

A Kano, mai tsohuwar Corolla da hon ɗinsa ya mutu karo na uku yakan fara zargin sammu. Bakanike kuwa amsarsa a shirye take: "Ai kayan yanzu ba su da ƙarko, Alhaji."

Mai laifin tana bayan sitiyari. Wata waya ce siririya mai faɗi, a naɗe kamar tabarma, da ke kai wuta ga hon da jakar iska. Iyakarta kusan juyi biyu da rabi hagu, biyu da rabi dama. In yaron gareji ya kwance rak, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyi, ya bar sitiyari yana wulwulawa, ko ya ɗaura sabuwa ba a tsakiya ba, kwana ɗaya mai tsanani ta isa ta tsinke ta. Fitilar gargaɗi ta kama, a liƙe ta da baƙin salatif, shi ke nan an gama gyara, a kawo kuɗi.

Ƙa'idar ba wuya: a cire batir, a miƙe tayoyi, a ɗaura wayar tana tsakiya kafin a zare makullin robarta. Alhaji, a daure a tsaya kan yaron har ya gama.