Ƙullin da Ke Ƙarƙashin Gado

Jiya da la'asar surukata ta zaro wani ƙullin baƙar leda daga ƙarƙashin gadonmu. Ƙasa ce a ciki mai danshi, an manna mata takarda da baƙon suna da kwanan wata. Kafin in dawo daga masallaci an cika tsakar gida.

Ƙwan kifi ne fa. Ina kiwon wani ɗan kifi mai jar wutsiya, Nothobranchius guentheri, ɗan asalin Zanzibar, wanda bai kai tsawon yatsa ba. A can cikin kududdufan damina yake rayuwa: ruwa ya ƙafe, iyaye su mutu, ƙwai su kwanta a laka har damina ta zagayo. Mai kiwonsa a gida sai ya ƙirƙiro masa rani. Ka sa garin ɓawon kwakwa a ƙaramin kwano cikin akwatin gilashin kifayen, su binne ƙwai, ka kwashe, ka matse ruwan, ka ɗaure a leda, ka ajiye a duhu wata biyu zuwa uku. Ni kuwa duhun da Allah ya hore mini ke nan.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, kifi ne."

Ba ta dube ni ba. 'Yarta ta duba. "Kifi. A cikin ƙasa. Da kwanan wata."

Maiɗakina, Allah ya saka mata, ta ce ai kamar a makon nan ne ta fara ciwon kai.

Na ce bari in nuna hujja. Na baza ƙasar a faranti, na haska fitilar waya, na lalubo ƙwai ɗaya. Idan ƙwan ya nuna, ana hango idon ɗan kifin ta cikin ɓawo, baƙi da zoben zinariya. Murna ta kwashe ni. Na miƙa farantin dab da fuskar surukata, a gaban ƙannen matata da matan maƙwabta, na ce da bakina, "Hajiya duba, ga idonsa nan, ke yake kallo."

Ke yake kallo. Duk kalmomin da ke cikin Hausa, waɗannan na zaɓa. Har murmushi na yi. Hajiya ta ja da baya tana salati, takalminta ɗaya ya tsaya a inda take, wata maƙwabciya ta rufe wa goyonta fuska da zane.

Na yi ta maza na ce ai kifin yana da dangi a ƙasar nan, tun 1928 aka rubuta wani daga kogin Kiyawa kusa da Katagum. Hajiya ta ce kada in kuskura in sa mutanen Katagum cikin wannan magana.

Sai na zuba ruwa. Bayan isha'i 'yan kifi kamar tsinin allura suka fara yawo a kwano, ni kuma na ɗauka an wanke ni. Ashe shaida na ƙara musu: ga mutum ya mai da ƙasa kifi a gaban jama'a.

Dattijon maƙwabcinmu, wanda tun la'asar yake tsugune yana cin goro, ya leƙa kwanon ya girgiza kai. "Yaro, aikin ya ci, amma ƙanana ne. Rowa ka yi wa malamin. Gobe zan aiko maka da buhun ƙasar fadamata, ka koma ka biya shi da kyau, ka ce tarwaɗa muke so."