Ƙorafi zuwa ga kunnuwan mandolin guda takwas

Zuwa ga kunnuwa takwas da ke jere a kan mandolin ɗina, huɗu dama huɗu hagu,

Lafiyarku ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙara na kawo, kuma tun da babu kotun da ke sauraron ƙarar ƙarfe, gaban jama'a zan karanta ta.

Aikinku ɗaya ne tak. A murɗa ku, ku ja tsirkiya, ku riƙe ta inda aka bar ta. Tsirkiya takwas ce, biyu-biyu, a kan sautin G, D, A da E irin na goge na Turawa, kuma kowace tagwaye sai muryarsu ta zama ɗaya kafin kunnen mutum ya huta. In ɗaya ta kauce ko da gashin ido ne, sai ka ji sautin yana rawar ɗari. Shi ya sa makaɗan mandolin ke yi wa kansu ba'a cewa rabin rayuwarsu saiti suke yi, ɗaya rabin kuma suna kiɗa ba saiti. Ni ban ga abin dariya ba.

Ku tuna ba da ku aka fara ba. Mandolin na Napoli, a Italiya, da turakun katako aka san shi, ana cusa su cikin rami ana murzawa. Sai wajen 1835 aka zo da tsirkiyar ƙarfe da irinku masu giya, aikin da ake dangantawa da Pasquale Vinaccia, ɗan gidan da ya yi suna wajen ƙera shi. Don sauƙi aka kawo ku. Yatsa ya juya ƙarfe mai zare, zaren ya tura faifai mai haƙora, faifan ya juya sandar da tsirkiya ke naɗe a kai. A yawancinku sai an juya kunne sau 14 zuwa 18 kafin sandar ta zagaya sau ɗaya, don mutum ya iya gyara sauti kaɗan-kaɗan ba tare da ya yi gumi ba.

To kai na uku a layin sama, mai riƙe da D, me ya sa sai na yi gumi? Ina kama ka sai ka cije, in ƙara ƙarfi, babban yatsana ya yi ja, can sai ka zabura ka wuce inda ake so. Kai kuma na A, maƙwabcin na ƙarshe, naka salon daban ne: a juya ka baya, ka yi tafiyar rubu'in zagaye kana lilo, tsirkiya ko gezau. Ɗaya taurin kai, ɗaya sakarci, a faranti biyu masu kallon juna.

Na san uzurin da za ku kawo, kuma ba zan danne muku gaskiya ba. Za ku ce ana barin jaki ana dukan taiki. Za ku ce giya irin taku ba ta komawa baya da kanta, don zare ne ke tura faifai, faifai ba ya iya tura zare, saboda haka duk mai cewa kunne ya zame bai duba da kyau ba. Wannan haka yake. Sautin da ke sauka da kansa yawanci sabuwar tsirkiya ce ke miƙewa, ko ba a naɗe ta da kyau a sanda ba, ko kuma katako ne ya ji canjin iska ya motsa. Sannan ga babban mai laifin da ke ɓuya a bayanku, ɗan ƙashin nan mai tsaga takwas da ke bakin wuya. In tsagar ta matse, tsirkiya takan maƙale, mutum na murɗawa ba abin da ya canja, sai ka ji “ƙil”, sauti ya tsallake sama. Wannan ba ya buƙatar sabon kunne. Bakin fensir ake gogawa a tsagar, in abin ya ƙi a kai wa mai gyara ya ɗan buɗa ta.

Za ku kuma kawo kukan nauyi, shi ma na karɓa. Tsirkiyoyi masu matsakaicin kauri suna jan kan mandolin da ƙarfin da ya kai wajen kilo 80, a wuyan da tsawon tsirkiyarsa bai wuce inci 14 ba. Kowace sanda ana fizgar ta gefe ɗaya dare da rana. Abin da ke hana ta karkacewa shi ne ɗan zoben ƙarfen da aka dasa a bakin raminta, in kuwa zoben ya ɗago ko ya yi sako-sako, sanda ta jingina, haƙora su ciji juna a karkace.

Amma uzurinku mafi ƙarfi, wanda ya fi ba ni haushi don ba ni da amsarsa, shi ne na rami. Kunnen jita sau da yawa kowa da gidansa, ku kuwa huɗu-huɗu aka haɗa ku a faranti ɗaya, tsakanin sanda da sanda wajen milimita 23. Dole ramuka huɗun da aka huda a katako su faɗa daidai da wannan tazarar, kuma su miƙe tsaye. In mai hudawa ya kauce da ɗan abin da ido ba ya gani, ko fenti ya taru a cikin rami, to ko kunnen kamfanin Waverly aka ɗaura, wanda kuɗinsa ya fi na wani mandolin ɗin gaba ɗaya, cijewa zai yi. Gwajin ba wuya. A sassauta tsirkiya a juya kunne. In ya yi laushi ba kaya amma ya taurare da kaya, a duba zobe. A kwance farantin daga katako a juya a hannu. In a hannu yana gudu, a jikin katako yana gardama, rami ne ya ci amana, ba ƙarfe ba.

Duk na ji. Sai dai ba kowane laifi za ku jingina wa maƙwabta ba. Giyarku a buɗe take, ba murfi, kuma na leƙa na ga abin da kuka tara: tsohon giris ya sha ƙurar hunturu ya daskare ya zama baƙin ƙulli tsakanin haƙora, har da zaren tsumma. Wannan naku ne. Sukurun da ke tsakiyar faifan D ya ɗaure tamau har faifan na gugar faranti, na A kuma ya kwance har yana rawa. Su ma naku ne. Akwai kuma ɗan sukurun faranti da ke juyawa ba ya kama komai, don raminsa ya lalace.

Ga hukuncin da na yanke, kuma ba ɗaukaka ƙara. Zan kwance ku ɓangare ɗaya, in gama in mayar, sannan in taɓa ɗayan, domin jakin mandolin, ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kai, ba a manne yake ba, tsirkiya ce ke danne shi, in aka cire duka takwas sai ya faɗi a shiga neman gurbinsa. Za ku sha wanka da tsohon buroshin goge baki da ɗan man laita, nesa da fentin katako. In kun bushe, kowa ɗigon man keken ɗinki ɗaya a inda zare ya haɗu da haƙori, ɗaya a mazaunin ƙarfen, a goge ragowar, don mai in ya yi yawa ƙura yake kira. Sukurun faifai za a ɗaure shi har ya zauna, ba har ya shaƙe ba. Ramin da ya lalace kuwa, tsinken sakace da ɗigon gam ɗin katako sun ishe shi. Kai na A, lilon da ya rage bayan wannan na san maganinsa: daga ƙasa ake hawa sauti, in an wuce a sauko sosai a sake hawa, haƙora su kasance a matse.

In kuka sake bayan duk wannan, canja ku zan yi. Na ga kuna murmushi, don kun san abin ba kamar canja batir ba ne. Wasunku zaren na saman faifai, wasu na ƙasa, wanda ya sayo ba irin nasa ba zai tarar kunnuwa sun zauna ba a gurbinsu ba, ko suna juyawa a baibai. Tsofaffin mandolin na kamfanin Gibson na farkon ƙarni na 20, waɗanda aka ƙera a Kalamazoo ta Amurka, tazarar sandunansu ta ɗara ta yau da abin da bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya hana sabon faranti shiga. Ku dai ba daga Kalamazoo kuka fito ba, kada ku ara wa kanku wannan girman. Na auna ku, tazararku ta kowa da kowa ce, kuma kamfanonin Grover da Gotoh da Schaller duk suna da irinku a kasuwa.

Ku huta lafiya, sai ranar Asabar da safe. Sukudireba na nan a aljihun tebur.

Naku mai murɗa ku kullum,
Mai mandolin