Jinjina Ga Masu Ɗibar Samfuri

Duk mai cewa gwamnati ta manta da gabashin Sakkwato ya nemi gafara. Wanda ya manta da kai ba ya turo ƙwararru tun daga Abuja su ɗebi ƙasar garinku a kwalba.

A watan Maris na 2024 aka ga yara a ƙaramar hukumar Isa cikinsu na kumbura, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma cikin Afrilu shugabanta, Dakta Jide Idris, ya fito da lissafi tsaf: mutum 164 a mazaɓu shida, huɗu sun rasu, mafi yawan masu cutar 'yan shekara 4 zuwa 13. Isa ta Kudu kaɗai 98, Bargaja 22. Wannan ai gata ne. Mutanen da 'yan bindiga ke kashewa a ƙauyukan nan ba kullum ake samun mai ƙirga su haka ba.

Gwajin farko ya nuna dalma da sinadarin kuromiyom a jinin wasu daga cikin yaran. Nan take aka shiga aiki. Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwa, aka ɗebi ƙasa da hatsi, aka nufi ɗakunan gwaji. Cutar ma ta ga ana yi da ita, sai ta leƙa Sabon Birni. Hukumar da bakinta ta ce an ga irin wannan a 2023, ba a kuma tantance mene ne ba. Ka ji riƙon amana! Wata gwamnatin da ta yi garaje ta gano musabbabin tun a shekarar farko, ta bar jami'an shekara ta biyu ba abin yi.

Masu ƙorafi za su ce ai maƙwabta sun riga sun biya kuɗin wannan darasi. Haka ne. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Maganin kuwa ba sihiri ba ne: a kankare ƙasar sama daga tsakar gida da lunguna, a binne ta a rami, a zuba mai tsabta, sannan a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini. Idan ba a share ƙasar ba, magani aikin banza ne, domin yaron zai koma ya yi rarrafe inda ya kwaso ta. Shi ya sa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kasa fara jinyar yaran garin Bagega na Zamfara, kimanin 1,500, suna jiran a share garin.

A nan ne gwamnatin tarayya ta nuna dattako. Naira miliyan 850 da ta yi alkawari suka kwanta suna hutawa. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan gubar, ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai suka ƙi zuwa, saboda kunya irin ta manya. Sai a Janairun 2013, bayan matasan ƙungiyar Follow The Money sun cika intanet da hayaniya, aka saki kuɗin. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce. Mutanen Ogoni ma rahoton gurɓatar ƙasarsu ya fito a 2011, aka yi bikin ƙaddamar da shara a 2016, to su wa Gobirawa da za su yi tsallaken layi?

Kuma a yi adalci, wa zai kankare ƙasar Isa? Manomi sai ya biya harajin yaran ɗan bindiga Bello Turji kafin ya taɓa gonarsa. Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hanyar komawa gida aka sace shi a 2024, ya rasu a hannun 'yan bindiga cikin Agusta. Hanyar da ba ta bar sarki ba, yaya za ta yi da tifa? Samfuri shi ne dabara: ba shi da nauyi, yana shiga jaka, ba wanda zai nemi kuɗin fansarsa. Tun Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, aka gane cewa yankin ya fi lafiya idan ba a jin ɗuriyarsa.

Ba kuma a bar jama'a haka ba. An ƙawata birnin Sakkwato da fitilun titi da shataletale masu kyan gani. Uwar da ta goyo ɗanta mai kumburarren ciki daga mazaɓar Turba ko Tozai a Isa, in Allah ya tsallakar da ita daji ta iso da dare, za ta ga hanyar asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo tar, ba sai ta kunna tocila ba.