A Mayar wa Titibiri da Sunansa

Daga Tasawa har Mayahi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da shi ba. Wandon sallar bara ya tsaya masa a ƙwauri, muryarsa ta fashe, rabin sallamarsa ta babba rabi ta jariri, ga gashin baki ƙwaya uku da yake shafawa da safe da yamma. Tsangaya ta daɗe da raɗa masa suna, titibiri. A tsarin karatun allo, ƙaramin almajiri shi ne ƙolo, wanda ya kawo ƙarfi shi ne gardi, can sama kuma sai alaramma da gwani. Titibiri na tsakani, ya wuce ƙolo bai kai gardi ba. Sunan kuma tafe yake da aiki: shi ke tasa ƙolaye gaba, shi ke samo karan hura wutar karatun dare, shi gardi ke aike. Yana da mai yi masa tsawa, yana da wanda zai huce a kansa.

A cikin gari kuwa mun ƙi ba shi suna, kuma da gangan muka ƙi, domin rashin sunan akwai riba. In damina ta faɗi ana neman mai riƙe hauya, ko mai kora amalanke zuwa rijiya, sai ka ji an ce: "Ƙato da kai, har yanzu barci kake?" In an yanka rago ana rabo, ko an zauna shawarar sayar da wake, wannan ƙaton dai shi ake ce wa: "Kai yaro, tashi ka ba mutane wuri." Shekarunsa na hawa da damina su faɗi da kaka, tamkar farashin gero.

Wani zai ce ai muna da "saurayi". To, saurayi sai da riga mai guga da kuɗin zance, shi kuwa wannan budurwa ta gaishe shi ma sai ya yi tuntuɓe. Ko samartakar ma a da muƙami ce, da Sarkin Samari da gayya, har gwamnatin Seyni Kountché da ta hau mulkin Nijar a 1974 ta raya Samariya ta sa ta aikin gari. Da wannan ta shuɗe, yaran suka samo benci da butar shayi, suka ari sunan majalisar sarki suka ce "fada". Dattawa na wucewa suna tsaki, alhali su suka hana su tabarma.

Wani kuma zai ce kalmar ta almajirai ce, kuma akwai zolaya a ciki. Gardi ma daga tsangaya ya fito ya shiga bakin kowa, ba wanda ya kai ƙara wurin alƙali. Zolayar kuwa ba sabuwa ba ce, yanzun ma "ƙaton banza" yake sha kyauta. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, titibirai na tafe garke-garke, kuma ba za a yi ta canza musu shekaru kowane wata ba. Abin da masu gida ke gudu a fili yake: ranar da aka yarda titibiri mataki ne, dole a ware masa tsoka a kwanon nama.