Hurar Japanawa a Ollelewa

Ƙanena da ke aiki a matatar mai ta SORAZ ne ya ja mini. Da ya zo hutu, ya nuna mini wani bidiyo a waya: Japanawa na da giyar shinkafa mai suna sake, wadda tsadarta ke hawa gwargwadon abin da aka goge daga jikin ƙwaya. In an surfe har rabi ya tafi, sunanta daiginjo. Akwai ma Dassai 23 ta lardin Yamaguchi, da ake goge kashi 77 cikin ɗari na kowace ƙwaya, a bar 23 kacal. Wai maiƙon da ke ɓata ƙamshi a bayan ƙwaya yake, farin zalla kuma yana can tsakiya.

Giya kam, Allah Ya tsari gatari da noma. Amma dabara ba ta da addini. Na ce me zai hana mu 'yan Damargu, da hatsi ya san mu muka san shi, mu sha hurar manyan mutane?

Na auno tiya goma daga rumbu ba da sanin Inna ba, na nufi wurin mai inji.

"Malam, surfe ko niƙa?"

"Surfe. Amma kada ka tsaya sai saura kwata."

"Kwatan me?"

"Kwatan ƙwaya."

Ya dube ni, ya dubi matan da ke layi da ƙwaryoyinsu, ya ce tun da kuɗina ne, bismilla. Zagaye na farko hatsi ya fito fes, yadda kowane mai hankali zai kwashe ya tafi. Na ce a maimaita. Aka yi ta maimaitawa, dusa na tudu, ƙura ta mayar da gemuna fari fat. Wata tsohuwa ta tambaya a hankali ko an kai ni wurin malamai.

Ashe ƙarshen bidiyon, wanda kuɗin waya suka ƙare kafin mu gani, shi ne mai maganar. Su Japanawa shinkafa ta musamman suke nomawa, irin Yamada Nishiki mai ƙatuwar ƙwaya, injinsu kuma kwanaki yake yi yana juyawa sannu-sannu don kada ta yi zafi ta fashe. Ƙwayar hatsinmu kuwa duk girmanta bai wuce kan ashana ba, injin garinmu kuma bai san lallashi ba.

Na dawo da buhun dusa a ka, da ɗan tsaki a ƙullin rawani. Inna ta sa hannu ta juya shi, ta ce, "Kai, ina hatsina?"

Na ce, "Inna, zuciyarsa ke nan."

"To gangar jikin fa, wa ka ba?"

Uwargida ta kirɓa abin da ya samu, curi uku ƙanana. An sa citta, an sa kanumfari, an dama da nono mai kyau. Fari kam ta yi fari. Na kurɓa na lumshe ido ina jinjina kai, saboda mutane na kallo, amma ƙamshin hatsi duk ya bi dusa.

Har gobe ina nan kan cewa gwajin ya yi riba, domin ragon Inna da ya cinye kashi 77 ɗin ya yi kuɗi sosai a kasuwar Bakin Birji. Inna ba ta karɓi wannan lissafi ba. Yanzu in za a kai surfe, jikanta ɗan shekara bakwai take aika, ni kuwa an hana ni ko riƙe tiya.